Kyamarar da ke ɗaukewa da magariba: abin da za ka saya da abin da za ka guje wa

Kyamarar ƙofar gidana ta yi wata huɗu tana yi mini abu ɗaya. Da rana tana aiki sumul, ina ganin mai ruwa yana shigo da kurarsa, ina ganin yara suna dawowa daga Islamiyya. Ana kiran sallar magariba sai hoto ya ɗauke, ya dawo, ya sake ɗaukewa, haka za ta kwana har gari ya waye. Lokacin da na saye ta dominsa, shi ne lokacin da ba ta gani. Na cire ta na sa sabuwa, ita ma haka. Sai daga baya aka gano kyamarorin biyu lafiyarsu ƙalau, wutar da ke isa gare su ce ba ta ƙoshi.

Irin waɗannan kyamarori ba a jona su da soket. Waya ɗaya ce, irin ta intanet, take kai musu wuta kuma take dawo da hoto, tsarin da masu sana'ar ke kira PoE. Da duhu ya yi, ƙananan fitilun nan jajaye da ke zagaye da idon kyamara suna kunna kansu don ta gani cikin dare, kuma a daidai nan cin wutarta yake ƙaruwa. In abin da ke zuwa ta wayar bai kai ba, sai ta mutu ta sake tashi, ta kunna fitilun, ta sake mutuwa. Duk wanda kyamararsa ke aiki da rana tana ɗaukewa da dare, kada ya yi gaggawar zargin kyamarar. Ya tambayi inda wutarta take fitowa da hanyar da take bi.

Hanya uku ake ba su wuta. Akwai ɗan ƙaramin akwati da ake kira injakta, wanda ke ciyar da kyamara ɗaya tak: ka ajiye guda ɗaya don gwaji, amma kada ka gina gidanka a kansa, kyamara shida injakta shida ke nan da tulin wayoyi a bayan kujera. Akwai na'urar naɗar hoto, NVR, wadda ke zuwa da ramukan wuta a bayanta. Ita tana da sauƙi ƙwarai, ka cusa waya hoto ya fito, kuma ga mai kyamara huɗu a ƙaramin gida ba laifi. Abin da ya raba ni da ita shi ne komai yana cikin tukunya ɗaya. Ranar da tsawa ta faɗo ta bi waya ta ƙone ramukan, na'urar naɗar hoton ce gaba ɗaya za ta tafi wurin gyara, gida kuma ya zauna babu ido. Sannan dole kowace waya ta ja har zuwa ɗakin da na'urar take, komai nisansa.

Ta uku ita ce wadda nake amfani da ita yanzu, kuma ita nake ba kowa shawara: suwic mai ba da wuta, wanda yake zaman kansa. Akwati ne mai ramuka huɗu, takwas, goma sha shida ko fiye, kyamarori su shiga cikinsa, waya ɗaya ta fita daga shi zuwa na'urar naɗar hoto. Daɗinsa na farko shi ne kana iya ajiye shi a tsakiyar gida, ko a ɗakin mai gadi kusa da ƙofa, sai wayoyin kyamarori su gajarta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ƙa'idar irin wannan waya mita 100 ce, kuma gidajenmu masu faɗin fili da doguwar katanga suna cinye mita 100 kafin ka ankara. Daɗinsa na biyu, in ya lalace shi kaɗai za ka sauya, kuɗinsa kuma bai kai na NVR ba. Na uku, kowane rami yana da fitilarsa, ta wuta daban, ta hoto daban, da ido kawai za ka san wace kyamara ce ke shan wuta, wacce ce ba ta sha. Wasu ma suna da maɓallin da ke tsawaita tafiya zuwa mita 250, amma gudun hoton yana sauka zuwa megabit 10, saboda haka abu ne na ranar larura.

Lambobi biyu za ka karanta a jikin kwalinsa kafin ka taya. Ta farko ita ce ƙa'idar da yake bi. Tsohuwar, 802.3af ta shekarar 2003, tana fitar da wat 15.4 a kowane rami, abin da ke isa ga kyamara kuma wat 12.95. Ta 2009, wato 802.3at, tana fitar da wat 30, kyamara ta samu 25.5. Akwai 802.3bt ta 2018 mai kaiwa wat 60 har 90, wadda gidan talaka da na mai kuɗi duk da wuya su buƙace ta. Kyamarar da ke kallon wuri ɗaya ta farkon tana isar ta, amma mai juyawa tana zuƙo hoto, ko mai farar fitila da lasifika, sau da yawa sai ta biyun. Ni ta biyun nake saya ko da kyamarorin ƙanana ne, don gobe za a iya ƙara babba. Lamba ta biyu ita ce jimillar wutar da akwatin zai iya bayarwa gaba ɗaya, kuma a nan ake yi wa mutane rufa-ido. Za a rubuta da manyan baƙaƙe cewa kowane rami wat 30 ne, ramuka takwas, sai ka juya kwalin ka ga jimillar wat 60 ce kacal. Ka duba takardar kowace kyamara, ka ɗauki mafi yawan abin da take ci, ka haɗa su duka, ka ƙara kashi ɗaya bisa huɗu a kai. Ka zaɓi mai jikin ƙarfe, domin zafin watan Afrilu a ɗakin da ba fanka ba ya barin roba ta daɗe.

Yanzu bari in zo kan abin da ya ƙone ni, wato waya. Yaron da ya gano matsalata bai ko taɓa kyamarar ba. Ya yanko ɗan guntun wayar daga bayan na'ura, ya fere robar, ya zaro silin guda ɗaya, ya karce shi da reza a kan tafin hannunsa. Jan launin ya tafi kamar an goge fenti, fari fat ya bayyana a ƙasa. Ya kunna ashana ya kara silin a kai, nan take ya lanƙwashe ya zube. Ya ce, "Alhaji, wannan ba jan ƙarfe ba ce, alminiyam ne aka yi wa riga. Mita nawa aka ja zuwa ƙofa?" Na ce wajen saba'in. Ya ce, "To ai shi ke nan, wutar a hanya take ƙarewa."

Ana kiran irin wannan waya CCA. Alminiyam ba ya ɗaukar wuta kamar jan ƙarfe, abin da yake iya wucewa da shi kusan kashi 61 cikin 100 ne na abin da jan ƙarfe mai kauri ɗaya zai wuce da shi. A gajeren zango ba za ka ga bambanci ba, shi ya sa in an gwada maka a shago komai zai yi daidai. A dogon zango wutar tana raguwa, wayar tana ɗumi, silin kuma yana karyewa cikin kan nan da ake matsewa a bakin wayar don cusa ta a rami. Abin takaicin shi ne ba duka ake rubuta CCA a jikinsu ba. Za ka ga kwali mai kyau, an buga Cat6, wato ajin wayar intanet mai inganci, an buga sunan sanannen kamfani da tambarinsa, ciki kuwa jabu ce. Wanda ya yi mini aikin farko kuɗin jan ƙarfe ya karɓa. Har yau abin yana yi mini ciwo, ba don kuɗin kawai ba, don darare ɗari da wani abu da iyalina suka kwana ina zaton akwai ido a ƙofa.

Saboda haka ka je shago da reza a aljihu. Ka ce a yanko maka guntu mai tsawon ɗan yatsa daga ainihin kwalin da za ka saya, ba daga wanda aka ajiye don nunawa ba. Mai gaskiya ba zai hana ka ba. Ka ɗaga kwalin ka ji nauyinsa, na jan ƙarfe ya fi nauyi sosai. Cikakken kwali mita 305 ne, kuma akwai lambobin mita a jikin wayar, ka duba ta farko da ta ƙarshe, don ana sayar da wanda bai cika ba. In mai haɗa maka ne zai sayo, ka ce ya kawo kwalin a rufe ka gani kafin a fara ja. Cat5e, ajin da ke ƙasa da Cat6, in dai ta jan ƙarfe ce zalla, ta fi Cat6 ta jabu nesa ba kusa ba. Wadda za ta bi waje kuma a sa ta cikin bututun roba, ko a sayi baƙar nan mai jure rana, domin farar ta cikin ɗaki rana tana busar da ita ta tsattsage.

Suwic ɗin ma akwai na ƙarya. Na gaskiya ba ya sakin wuta sai ya fara tambayar abin da aka jona masa, in ya tabbatar mai shan irin wannan wuta ne sannan ya ba shi, tsakanin bolt 44 zuwa 57. Akwai masu arha da ba sa tambaya, kullum wuta tana bakin rami, wasu bolt 24, wasu 48. Mai 24 ba zai tayar da kyamarar da ke bin ƙa'ida ba, mai 48 kuwa yana iya ƙone ramin kwamfutarka ranar da wani ya cusa waya bisa kuskure. In ba ka ga 802.3af ko 802.3at a rubuce ba, sai kalmar PoE kawai, ka mayar da shi kan kanta. In ka ga an rubuta amma farashin ya faɗi ƙasa da na kowa, ka nemi a gwada shi da ɗan na'urar gwajin PoE a gabanka.

Wanda kuma kyamararsa ta riga ta fara wasa, ga abin da zai yi kafin ya kashe ko sisi. Ya sauko da ita, ya jona ta kusa da suwic da gajeriyar waya mai kyau, ya rufe idonta da baƙin ƙyalle don fitilun dare su kunna. In ta zauna lafiya, laifin doguwar wayar ne ko kan da aka matse a bakinta. Ya duba kan da ke waje: in ya ga kore-kore ko baƙi a kan ƙarafunan, ruwan damina ne ya shiga, a yanke a matse sabo, a sa masa murfin nan mai roba da ke zuwa cikin kwalin kyamara, wanda masu haɗawa da yawa suke jefarwa. In kuwa kyamarori biyu ko uku ne suke ɗaukewa tare da dare, ya cire guda biyu ya gani, in sauran sun daidaita to jimillar wutar suwic ce ta gaza.

Kada a manta da ɗauke wuta. Suwic da na'urar naɗar hoto su zauna a kan inbata ko UPS ɗaya, don kada duk lokacin da aka juya zuwa janareta kyamarori su mutu su ɗauki minti ɗaya ko biyu kafin su dawo. Wayar da ta ratsa fili zuwa katanga kuma a sa mata kariyar tsawa, a haɗa jikin suwic ɗin da ƙarfen da aka binne a ƙasa, kafin hadarin farko ya haɗo.