Gas ne ya ƙare ko rilai ne? Amsa ga Hajiyarmu ta Ringim

Salam jama'a. Hajiya na ga tambayarki ta jiya da daddare, wai firizar da kike ƙanƙara da zoɓo da kunun aya kwana huɗu kenan ba ta daskarar da komai, tana ƙara tana shiru, wani mai gyara ya ce gas ne ya ƙare, wani kuma ya ce matsalar wuta ce, wanne za ki bi. To kar ki ba kowa sisi tukuna, kunnenki da hannunki sun isa su raba gardamar nan.

In an kawo wuta ki zagaya bayanta ki saurari baƙar tukunyar nan ta ƙasa, kwamfuresa. In ciwon gas ne za ki ji tana ta guuu ba hutu awa da awanni, amma in kin taɓa ragar ƙarfen bayan, ko jikin firizar in irin wadda aka ɓoye bututun a ciki ce, sai ki ji ko ɗumin kirki babu, alhali lafiyayya wurin nan zafi yake ɗauka. A ciki kuma ƙanƙara ta taru a lungu ɗaya, sauran wurin ko raɓa babu. In kuwa wuta ce ko rilai, wato ɗan abin da ke tayar da kwamfuresa, salon daban ne, za ta yi ɗan gurnani kamar za ta tashi sai ki ji ƙas! ta mutu, bayan minti biyu uku ta sake, haka dai, tukunyar kuma ta yi zafin da ba ki iya barin hannu a kai. Fitilar tana kunne fa, shi ya sa mutane ke cewa ai wuta na shiga.

Maganar gas ɗin nan ita ta fi ci min rai. Gas ɗin firij ba kamar na girki ba ne da ake ƙonawa ya ƙare, zagaye yake yi a rufaffen bututu, in ya ragu to wallahi akwai inda ya huje. Ni sau biyu aka ɗura min a tawa, kowanne sati biyu bai yi ba, ashe ƙanwata ce ta sa wuƙa tana ɓamɓarar ƙanƙara ta tsire jikin, ɗan rami kamar na allura, sai da wani dattijo ya shafa ruwan sabulu muka ga yana kumfa. Duk wanda zai ɗura bai nemo hujin ya liƙe ba, bai zuƙe iskar ciki da injinsa ba, zuba ruwa a kwando ne kawai. Kuma ki duba 'yar takardar da ke manne a baya, za ki ga irin gas ɗinta, na tsofaffi yawanci R134a ne, na sababbi R600a, ba a cakuɗa su, shi R600a ɗin ma yana kama wuta don haka ba aikin ɗan koyo ba ne.

Ɓangaren wuta ya fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba. Firizar nan wuta mai ƙarfin bolt 220 zuwa 240 take so, mu kuwa da ke ƙarshen layi nesa da taransifoma, da magariba kwan fitila ma ja yake yi kamar aci-balbal, ta yaya kwamfuresa za ta tashi? Tana ta ƙoƙari har rilai ya ƙone, ɗan abu ne kamar kwalin ashana a gefen tukunyar, in aka cire aka girgiza ya yi kacau-kacau ya mutu kenan, canji minti goma. Amma in ba ki sa sitabilaiza mai jinkiri ba, wato mai ɗan dakatawa kafin ya saki wuta, sabon ma haka zai bi. In aka ɗauke wuta aka maido nan take ki bar ta minti 5 kafin ki jona, ƙaramin janareto kuma kar ki matsa masa, a tashin farko kwamfuresa na jan wuta ninkin-ba-ninkin abin da take ja in ta daidaita.

Af, kafin duk wannan, ki matse takarda a murfin ki ja, in ta zare salin-alin robar bakin murfin ce ta saki. Ki kuma janye ta daga bango kamar tafin hannu. A takardar bayan nan akwai harafi, mai T na jure zafin gari har digiri 43, N kuwa 32 ne iyakarta, kuma 'yan gwanjon Turai da yawa N ne, to ki haɗa da ɗakin kwano a watan Afrilu.

Ni dai yadda kika ce tana ƙara tana shiru, na fi zargin rilai. In kin ji ƙas-ƙas ɗin ki zare ta daga soket har mai gyara ya zo, kar kwamfuresar ta bi, don kuɗinta kaɗai ya kusa sa mutum tunanin sayen wata.