Salon gilashi a shafin sayar da atamfa: kyau kam akwai, amma…

Jama'a masu sana'a a onlayin, in mai haɗa muku website ya ce zai yi muku salon nan na gilashi mai dishi-dishi, ku tsaya ku yi tunani tukuna. Nawa shafin na atamfa da leshi haka aka yi min shi, akwatin farashi da maɓallin oda duk kamar gilashin tagar banɗaki, kana hango launin abin da ke baya amma ba tar ba. A laptop ɗin wanda ya haɗa min shafin wallahi ya yi kyau, har cewa na yi ya bar shi haka kar ya taɓa komai, shi kuma yana ta min bayanin ai shi ake yayi tunda Apple suka fito da nasu salon gilashin, Liquid Glass, a manhajar iPhone ta iOS 26 a 2025.

To matsalar atamfa ba farin bango ba ce. Wata Hajiya ta ga wata super mai ruwan ɗorawa da fari, farashin an rubuta shi da farin rubutu siriri a kan gilashin, zanen atamfar ya ɓullo ta baya ya cinye rabin lambar 8 ta koma 3, ta turo dubu 13 maimakon 18 ta ce a kai mata tasha yau yau. Na kira na ce Hajiya saura dubu biyar, ta ce ita abin da ta gani kenan, ta turo min screenshot, ni kaina da na duba 3 na gani! Ya zan yi da babbar mace mai sa ni a grup ɗin 'yan uwanta? Haka na ce Allah ya sa albarka, ribar turmin ta tafi.

A kan leshi baƙi ko shadda mai launi ɗaya ba laifi, rubutun na fita ras, nan kam har yanzu yana burge ni kuma kwastomomi na cewa shafin ya yi kama da na manyan kamfani. Sai dai da na tuna yawancinsu ƙananan waya ke hannunsu masu ram 2GB sai raina ya sake ɓaci, don dishi-dishin nan wayar ce ke lissafa shi duk sanda aka ja shafin sama ko ƙasa, sai ya dinga sarƙewa wayar na zafi. A rana kuwa, ka tsaya bakin Kwari da azahar ka gwada karantawa, ba abin da za ka gani sai fuskarka.

Kuma wai sabon abu. Windows Vista ta kwamfuta ta zo da irin wannan salon gilashin mai suna Aero tun 2007, a Windows 8 aka cire gilashin. Su Apple ɗin ma a iOS 26.1 sai da suka ƙara zaɓin Tinted don mutum ya rage shara-sharan. Ƙa'idar da masu harkar ke bi ta ce bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa ya kai 4.5 da 1, ta ina za ka auna wannan alhali kowane hoto da launinsa?

Yanzu na sa ya bar gilashin a menu na sama kawai, farashi da lambar akawu baƙin rubutu kan fari. Kuɗin gyara ma sai da ya karɓa. Tauraro biyu na ba salon.