Hattara da mai sayar da tsohon rak ɗin Hilux da sunan sabo

Naira 280,000 na kashe wajen canza rak, wato ƙarfen da ke juya tayoyin gaba idan an murɗa sitiyari, a kan ƙarar da ashe linkin sitabilaiza ke yi, wato ɗan ƙarfen da ke haɗa ƙafar mota da sandar da ke rage mata karkata a kwana. Naira 280,000! Kada kuma wani ya ce rashin sanin mota ne, don ko a mafarki aka tashe ni zan lissafa kayan ƙafar gaban Hilux ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ke ci mini rai, makaniken da ya sayar mini da rak ɗin bai ɗaga motar a jak ba. Sitiyari kawai ya girgiza, ya kasa kunne, ya ce, "Alhaji, wallahi rak ne, idan ka shiga daji da ita haka sai ta tsinke maka." Sai ga kwali da tambarin Toyota, ga leda a liƙe, ga fenti baƙi yana ƙyalli. Wannan ledar ce ta ci ni. Da na ce a ɗaga ta tukuna, da magana ta ƙare a nan.

Ai gwajin ba ya cin minti goma. Ka ɗaga taya, ka riƙe ta sama da ƙasa ka jijjiga: idan ta yi wasa, boljoyin ne (gaɓar da ƙafar taya ke juyawa a kai) ko boris (abin da taya ke gungurawa a kai). Ka riƙe ta hagu da dama: tayarod ne ko rak-en (ƙarafan da ke haɗa rak da taya), su kuma ana canza su ba tare da an taɓa rak ɗin ba. Boljoyin ƙasa sai an sa jak a ƙarƙashin loya-am (hannun ƙasa da ke riƙe da taya) an ɗana ƙarfe a ƙasan taya, in ba haka ba nauyin sifirin yakan ɓoye wasan. Ƙas-ƙas-ƙas idan ka karya kan mota har ƙarshe, kan shaf ne (gaɓar sandar da ke juya taya), duba robarsa za ka ga ta yage giris ya watse. Gurnanin da ke ƙaruwa da gudu, yana canjawa idan ka karkata, boris ne. Ƙwal-ƙwal a kan gargada da ƙananan ramuka kuwa, sitiyari bai saki ba, mai bai ragu ba, linki ne ko bushin ɗin sitabilaiza. Kwance linkin biyu, ɗaure sandar da waya, zaga a hankali. Ƙara ta ɗauke? To ka gama. Wani lokacin ma notin farantin ƙasan inji ne ya kwance.

Kwana uku bayan an sa mini rak ɗin, sai ga jan man sitiyari a ƙasa. A'a, tun ranar farko ma ƙarar tana nan, na kira ya ce sai ya zauna. Rak kuma ya zauna? Da aka zare robar gefen rak ɗin, mai cike a ciki. Akwai shatin sifana a bakin fayif, fenti har kan zaren noti. Tsoho ne aka wanke da fetur aka fesa. Nawa na asali, lafiyayye, tuni yaronsa ya ɗauke wai kwandam ne, yanzu haka wataƙila ana fesa shi don wani. Kafin nan ma ya karɓi kuɗin alaimen daban, ban sa shi cikin 280,000 ɗin ba.

Hoton alat, rasit da bidiyon rak ɗin suna nan, zan ɗora su da dare.

Kada ku tura kuɗi sai an ɗaga mota an nuna muku wasan da idonku. Tsohon kayanku kuma ku sa shi a bayan mota kafin ku bar gareji.