Man zanen gilashi: na gwada shi a tambulan ɗin bikin ƙanwata

Gidanmu a unguwar Jekadafari da ke Gombe gidan yawa ne, kuma babu abin da ke haddasa cacar baki kamar kofi. Kowa ya ce nasa ne aka ɗauka. Shi ya sa da bikin ƙanwata ya matso na ce tambulan ɗin da zan sa mata a kayan kicin sai an rubuta sunanta a jiki, rubutun da wanki ba zai goge ba. Fenti yana ɓarewa, sitika kuwa ruwan zafi ke ɗaye ta.

Na yi odar man zanen gilashi ta intanet, 'yar roba mai giram 80. Da tsada, tunda daga waje ake kawo shi, amma yana da auki: bayan ya gama aiki ana kwashe shi a mayar cikin robar a sake amfani da shi. Akwai sinadarin fuloraid a ciki, shi ke cinye saman gilashin ya bar shi fari-fari da ɗan kaushi. Wato rubutun a jikin gilashin yake, ba ɗora shi aka yi ba.

Aikin gaskiya yana wajen sitika. Na kai sunan wajen masu yanka sitikar Keke Napep, na ce su cire haruffan su bar mini ramin. Mai shagon ya dube ni ya ce, "Hajiya, mutane haruffan suke so, ke kuma sharar kike so?" Sai a goge tambulan da sifirit na kemis, domin ko maiƙon yatsa yana hana man kamawa. A manna sitikar, a danne gefen kowane harafi da bayan cokali sosai. Duk inda iska ta maƙale, man zai kutsa ya bar tabo, kuma ba gyara. Gajeren suna da manyan haruffa ya fi fita; rubutun ajami da na so yi, ɗigo-ɗigonsa sun yi ƙanƙanta a kan gilashi mai lanƙwasa.

Na lafta man da kauri da ƙaramin burushi, na bar shi minti 5, na kwashe, na wanke a bokitin roba a tsakar gida. Kada ki wanke a kan tayil ko tangaran, yana dusashe ƙyallinsu.

Idan aka zuba zoɓo, sunan yana fitowa raɗau. Da kunun aya kuwa sai kin ƙura ido, fari a kan fari. Man kuma ba lallai ya kama gilashin nan mai jure zafi da ake sawa a oben ba, kuma ba a cike fili mai faɗi da shi, dabbare-dabbare yake yi.

Abin da ya fi damuna shi ne kamanninsa. Fari ne mai kauri kamar man shafawa, yaro zai iya lakata. Ƙunarsa ba lallai a ji ta nan take ba, sai ya shige fata. Safar hannu ta roba dole ce, a yi aikin a fili, in ya taɓa jiki a yi ta zuba ruwa a tafi asibiti. Nawa yana kulle a akwati.

Ga dozin ɗin amarya ko kofin maigida, ya biya kuɗinsa. Mai son kofi ɗari na rabon biki, ta kai wa masu buga tambari kawai, manna sitika ɗaya-ɗaya zai karya mata baya.