Ranar da ƙafa ta ƙi: me za ka saya, me za ka bari a kanti

Asabar ɗin da ta wuce, a gindin hawan Ayi Mensah, inda hanyar Akra ke hawa tudun Aburi, wani ƙanenmu da ya fara bin mu watanni uku da suka shige ya sauka daga keke ya zauna a bakin kwata. Na juyo na tambaye shi ko faci ya yi. Ya ce, "Yaya, taya lafiyarta lau, ni ne na sace." Bayan ya dawo hayyacinsa sai ya buɗe waya ya nuna mini abubuwan da yake shirin yin oda: agogon auna bugun zuciya, kwalin 'yan ledojin zaƙi irin na masu tsere, garin gina jiki, da katan ɗin lemon ƙara kuzari. Ya riga ya ware kuɗin. Na ce ya riƙe sidinsa tukuna, zan rubuta masa abin da na sani. Ga shi nan, saboda shi da duk wanda ke hawan keke don nishaɗi a Akra, ba don kofi ba.

Gajiyar mai keke ba iri ɗaya ba ce, shi ya sa magani ɗaya ba ya yi mata. Akwai ta yunwa, akwai ta zufa, akwai ta bashin barci, akwai kuma wadda ciwo ne ya sa rigar gajiya. Wanda ya sayi maganin wannan alhali waccan ke damunsa ya yi wa mai kanti sadaka.

Ta ƙanen nan ta yunwa ce, kuma ita ta fi yawa a cikinmu. Muna fita bayan sallar asuba don mu riga rana da motocin haya na tiroto, ciki babu komai sai ruwa. Jiki yana ajiye sukari a tsoka da hanta, amma ajiyar ba ta wuce awa ɗaya da rabi zuwa biyu in ana aiki da ƙarfi. Daga Nima ka bi ta Legon, Madina, Adenta, Oyarifa, kafin ka iso Ayi Mensah ka cinye fiye da awa guda. Wato daidai inda tudun Aburi ya fara, nan rumbun ya kusa ƙarewa. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Masana abincin 'yan wasa sun ce wanda zai wuce awa ɗaya yana tuƙi ya riƙa cin giram 30 zuwa 60 na abinci mai sitaci ko sukari a kowace awa. To, a ina za ka sami wannan? Ledar zaƙin nan ta ƙasar waje tana ɗauke da giram 20 zuwa 25. Ayaba matsakaiciya, kwadu kamar yadda muke cewa a nan, ita ma kusan giram 25 ne. Ƙananan dabinon da ake sayarwa a ƙofar masallaci, biyar sun kai haka. Abin da leda ta fi su da shi bai wuce biyu ba: ba ta dagargajewa a aljihu, kuma ana shanye ta ba tare da tauna ba. Wannan babban abu ne ga wanda ke tsere, sakan ɗaya ma yana da daraja a wurinsa. Kai da za ka tsaya a Peduwase ka ɗauki hoto, me ya kai ka? Da kuɗin leda ɗaya za ka sayi ayabar da za ta ishi tawagar gaba ɗaya. Ni dabino na fi so, domin rana ba ta lalata shi, ayaba kuwa in ta yi awa biyu a bayan riga ta koma kunu. In dai ka nace sai ka sayi ledar, ka saya ƙwaya biyu ka gwada a gajeriyar tafiya, tare da ruwa, don wasu cikinsu ba ya karɓa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kafin fita, kokon Hajiya da ɗan burodi ya fi komai dacewa, ba ya nauyi kuma yana saurin shiga jiki. Ƙosai, pinkaso, ƙuliƙuli, duk abin da ya sha mai, ka bar su sai an dawo. Haka wake da shinkafa, ko da ƙamshin ganyen ya biyo ka har titi. Garin gina jikin da ƙanen nan ke so ya saya ma, ban ga gurbinsa ba a garin da ake dama fura da nono, ake kuma sayar da burkina mai sanyi a kowane lungu. Gero da madara, a haɗa da dafaffen ƙwai biyu, sun biya buƙatar wanda ya dawo daga tafiyar awa uku. Sai dai ka saya wurin wadda ka yarda da tsaftarta, kuma kada ka saka a gora ka yi ta yawo da shi a rana.

Gajiyar zufa kuwa ita ce ta garinmu. Iskar Akra a jiƙe take, zufa na zuba amma ba ta bushewa, jiki ba ya hucewa, musamman daga Fabrairu zuwa Afrilu. Alamarta ciwon kai, fitsari ja, da farin gishiri a kan riga da igiyar hula. Hau sikeli kafin ka fita da bayan ka dawo. Duk kilo ɗaya da ka rasa kusan lita ɗaya ce ta ruwa, ledar fiya wata biyu ke nan. Da zarar asarar ta kai kashi 2 cikin 100 na nauyinka ƙarfi ya fara raguwa, ga mai kilo 70 bai kai kilo ɗaya da rabi ba.

Abubuwa huɗu ake saya a nan, kuma kowanne da inda ya gaza. Ruwan kwakwa yana da daɗi, ga shi a bakin hanya, amma gishirinsa kaɗan ne, alhali gishiri shi ne babban abin da zufa ke kwashewa. Garin ORS na kemis shi ke da gishirin, a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya giram 2.6 a kowace lita, sai dai sukarinsa giram 13.5 ne kacal, domin an haɗa shi ne saboda mai gudawa, ba mai hawan dutse ba. Zai mayar maka da ruwa, ba zai ba ka ƙarfin feda ba. Ka kuma karanta yawan ruwan da aka rubuta a jikin ledar, kada ka yi da ka. Ƙwayoyin da ake jefawa a gora su narke, waɗanda shagunan kayan wasanni ke kawowa, suna da sauƙin ɗauka, amma da yawansu babu sukari a ciki sam, ga tsada. Na huɗu shi ne haɗin gida: ledar ruwa ɗaya, cokali biyu na sukari, ɗan gishiri da yatsu uku, a matsa lemon tsami. Wannan ya yi kusa ƙwarai da abin da kamfanoni ke zubawa a kwalba su yi masa kala. Ni gora biyu nake ɗauka, ɗaya haɗin gida, ɗaya ruwa zalla, da ledar ORS guda a jakar sirdi don ranar da wani ya jigata. Mai hawan jini ko ciwon ƙoda ko ciwon sukari ya tambayi likitansa kafin ya kama wannan ɗabi'a.

Yanzu ga abin da na fi so ka kashe wa kuɗi, wanda kuma ba a cinsa ba a shansa: giyar keke. Yawancin kekunan tseren da ake shigo da su na hannu an haɗa su ne don masu ƙarfi a shimfiɗaɗɗiyar hanya. Ƙirga haƙoran ƙaramin faifan gaba da babban faifan baya. In ka ga 39 a gaba da 25 a baya, to a giyarka mafi sauƙi duk juyin feda ɗaya taya tana juyawa fiye da sau ɗaya da rabi. A ranar da jiki ke da daɗi za ka iya dannewa. A ranar da babu ƙarfi, wannan giyar ce za ta sauke ka a kwanar farko. Wanda ke da 34 a gaba da 32 a baya tayarsa sau ɗaya da ɗan ɗoriya take juyawa, nauyin da ke kan gwiwarsa ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, a kan tudu ɗaya, da ƙafa iri ɗaya. Zai hau a hankali, amma zai hau yana hira.

Mafi araha shi ne ka sauya faifan baya kaɗai. Daga 28 zuwa 34 ma kusan kashi ɗaya cikin biyar ka sauƙaƙa. Masu keke mai giya bakwai na ɗaurin zare, akwai na Shimano mai haƙora 14 zuwa 34 da ya shahara. Sauya na gaba ya fi tsada, ka bar shi sai in na baya bai wadatar ba. Amma kada ka saya kai kaɗai, tura keken wurin mai gyara ya duba abu uku: yawan faifan ya zo daidai da abin sauya giyarka, takwas da takwas, tara da tara; hannun da ke jan sarƙa a baya yana da tsawon da zai ɗauki babban faifai; sarƙar kuma ba ta miƙe ba, domin tsohuwar sarƙa a kan sabon faifai tsalle take yi. Tunda kana wurin, ka sa ya juya tayoyin a sama. Na taɓa yin wata guda ina zargin shekaruna, har na fara maganar ajiye keke, ashe birkin baya ne ke shafar taya. Mai gyaran da ya gano ya yi mini dariya har da riƙe ciki, bai ma karɓi ko kwabo ba.

Agogon bugun zuciya fa? Yana da amfani, amma ba shi ne na farko ba. Abin da kake nema a wurinsa yatsunka biyu za su ba ka kyauta: da farkawarka, kafin ka miƙe, ƙirga bugun na minti ɗaya, ka rubuta, har mako biyu. In wata safiya ka ga ya haura abin da ka saba da bugu bakwai ko goma, jiki bai gama hutawa ba, ko wani abu na tafe. In kuɗi ya samu kuma kana son gani a kan hanya, ɗamarar ƙirji da ke haɗuwa da waya ta fi agogon hannu mai araha faɗin gaskiya, don girgizar hanya da zufa suna rikita na hannu.

Lemon ƙara kuzari ban hana ba, amma ka san abin da ka saya. Ƙaramin gwangwani mai mililita 250 yawanci miligiram 80 na sinadarin kafeyin ke ciki, wanda ke cikin goro da shayi da kofi. Iyakar da ake ba baligi mai lafiya ita ce 400 a yini. Ba ya ƙara ƙarfi, rufe bakin gajiya yake yi na ɗan lokaci, kuma bayan awa biyar rabinsa na nan a jini. Nan ne mu 'yan Zango muke cutar kanmu. A zauna ataya daren Juma'a har ƙarfe ɗaya, kofi na farko, na biyu, na uku, a tashi ƙarfe huɗu da rabi, sannan a zo ana neman abin da za a saya a kanti. Barcin awa bakwai ba a sayar da shi a kasuwar Makola. Ɓarin goro da safe ya ishe ni in ina so, kuma ka duba lambar rajistar Hukumar Abinci da Magunguna a jikin duk kwalbar da za ka sha.

Taramol kuwa, ko wani ya ce maka yana sa a yi ta tuƙi ba a ji, kada ka kusance shi. Yana kawo jiri da gyangyaɗi, yana iya jawo farfaɗiya, ga kama mutum. Hukumar tseren keke ta duniya ta haramta shi a gasa tun 2019. Saukowa daga Aburi da jiri, ga kwana ga mota, ba abin gwaji ba ne.

Sai maganin ƙarin jini, wanda iyayenmu mata ke miƙa wa duk wanda ya ce ya gaji. Kafin kwalba, sayi gwaji. In kasala ta wuce mako biyu duk da ci da barci, je asibiti da katin inshorarka a duba zazzaɓin sauro, sakamakon gwajin yatsa ba ya wuce minti 20, a kuma auna jini da sukari. Namiji da jininsa ya gaza 13, ko macen da ba ta da ciki da nata ya gaza 12, shi ake kira ƙarancin jini, kuma likita ne zai nemo dalili. Shan sinadarin ƙarfe ba tare da buƙata ba yana da illa, balle ga mai sikila. Zazzaɓi, ciwon ƙirji, faɗuwar gaba ba dalili, ko ganin duhu a kan keke, ranar babu hawa, babu kuma saye-saye, asibiti kai tsaye.

Ƙanen nan ya kira ni shekaranjiya daga wurin mai gyara, an sa masa faifai mai 32 da sabuwar sarƙa, canjin da ya rage ya sayi gora ta biyu da mudun dabino. Agogon ya ce sai bayan sallah. Asabar mai zuwa a Madina za mu haɗu ƙarfe biyar da rabi, mun kuma yi yarjejeniya cewa wanda ƙafarsa ta ƙi zai juya daga Oyarifa ya je ya kama mana benci wurin mai koko.