Wata shida a hannun bakaniken da ke duba babur, yake kuma koyar da taka birki

Ina zaune a unguwar Birni da ke Damagaram, ina koyarwa a Miriya, saboda haka kowace ranar aiki nakan yi kusan kilomita 18 zuwa, 18 dawowa, a kan babur. Shekara huɗu ina wannan zirga-zirga, ban taɓa kai shi garaji ba sai in ya ƙi tashi. Wani abokin aiki ne ya haɗa ni da wani dattijon bakanike a wajen Sabon Gari mai tsari na daban: ana biyansa duk wata ya duba babur sau ɗaya, sannan kowace safiyar Lahadi ya fita da masu hulɗa da shi wani fili a bayan gari su gwada hannu. Kuɗin bai kai abin da nake kashewa a mai cikin mako guda ba.

Ranar farko da sarƙa ya fara. Ya ɗaga ta da yatsa daga tsakiya, ya ce bai kamata ta yi wasa fiye da santimita 2 zuwa 3 ba, alhali tawa ta kusa ninka haka. Na saba zuba mata baƙin man da aka juye, a zatona gata nake yi mata, sai ya nuna mini yadda yashin Damagaram ya manne a man yana cin haƙoran da take hawa, har sun yi tsini kamar ƙaya. Ya wanke ta da kananzir, ya bari ta bushe, ya shafa mata mai kaɗan. Matatar iska kuwa ya ce da hunturu kada in jira wata ya cika, in riƙa kakkaɓe ta duk mako. Iskar taya da ma'auni yake aunawa, tun tayar tana da sanyi, ba da matsin babban yatsa ba.

Amma abin da ya fi amfanata shi ne fitar Lahadi. Yawancinmu mun tashi da tsoron birkin hannu, domin tun muna yara ake ce mana shi ke kifar da mutum. Da na faɗa masa haka, ya ce: "Malam, wanda ya hana ka birkin gaba ya raba ka da mafi yawan ƙarfin tsayawarka." Ya bayyana cewa idan aka taka birki nauyi kan koma gaba ya danne tayar, shi ya sa a kan busasshiyar kwalta kusan kashi 70 cikin 100 na tsayawa daga gaba yake fitowa, kuma abin da ke kayar da mutum shi ne fizga, ba matsawa a hankali ana ƙara ƙarfi ba. Ya jera duwatsu a inda ƙasa ke da tauri, muka riƙa tsayawa daga gudun kilomita 20 a awa, sannan 40. Da idona na ga tazarar tsayawa ta ninka kusan sau huɗu, ko da yake gudun sau biyu kawai aka ninka. Ya kuma tuna mana cewa mai gudun 50 yana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa, tun kafin hannunsa ya kai ga birki.

A cikin yashi darasin ya juya: a saki birkin gaba, a riƙe totur daidai, a sassauta kafaɗu, a kai ido nesa. Sai da na yi Lahadi biyar kafin hannuna ya daina ƙanƙame kan babur. Wata yamma, ina dawowa daga Miriya, amalanken jaki ya shigo kwalta ba zato, na tsaya da birki biyu a miƙe, babur bai ko karkata ba.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba. Ba ya rubuta komai, don haka ni nake riƙe da lissafin kilomitan juyen mai a littafina. Idan aiki ya yi yawa yakan bar wa yaransa, kuma sau ɗaya wani daga cikinsu ya ɗaure mini sarƙa tam har tana kuka, dole na koma washegari. Wanda ya fi damuna shi ne yadda yake barin samari, har da ƴan kabu-kabu, su yi gwajin birki kai ba hular kwano, a wurin da faɗuwa ba abin mamaki ba ce. Na ce masa: "Baba, wannan bai dace da sauran koyarwarka ba." Ya yi shiru, amma Lahadin da ta biyo ya zo da huluna biyu ana karɓa-karɓa. Mu goma sha ɗaya ne a filin ranar, kuma ɗaya daga cikin hulunan igiyar haɓarta a tsinke take, har yau ba a sauya ta ba.