WhatsApp Business ga mai ƙaramin jari: inda ya yi min rana da inda ya tsaya

Mayafai da atamfa nake sayarwa daga gida a Gwammaja cikin Kano, a Kantin Kwari nake sarowa. Ba shago, ba kuɗin ba wa masu talla. Shi ya sa duk wadda ta tambaye ni da me za ta fara, WhatsApp Business nake cewa ta sauke. Kyauta ne, tun 2018 yake nan. Ni layi daban na ware masa, don kada "Hajiya nawa ne wannan?" ya cakuɗe da hirar 'yan gidanmu.

Abin da ya fi yi min amfani shi ne katalog. Hoto, suna, farashi, ɗan bayani, kuma yana ɗaukar kaya har 500, wanda ni ko kusa ban kai ba. A da, kowace mai tambaya sai na tura mata hotuna birjik, ga data ta yi tsada tun da aka ƙara kuɗinta a 2025. Yanzu linki ɗaya nake turawa, ta shiga ta zaɓa. Don Allah ku riƙa rubuta farashi. Wannan ɗabi'ar ta "ki yi min magana ta ciki" korar masu saye take yi, domin mace da yawa kunyar tambaya take ji, kada a faɗa mata ta ga ya fi ƙarfinta.

Akwai wurin ajiye amsoshi, nan na saka lambar asusuna da kuɗin aike, na cikin gari daban, na Kaduna da Abuja ta tashar Naibawa daban. Akwai kuma alamomi masu launi da nake raba waɗanda suka biya da masu "a ajiye min sai an yi albashi".

To amma manhajar ba ta kawo miki sabuwar fuska. Sitatus ɗinki sai wadda kuka ajiye lambar juna za ta gani. Saƙon bai-ɗaya, wato wanda ake tura wa mutane da yawa lokaci ɗaya, mutum 256 yake ɗauka a jeri guda, shi ma ba ya isa ga wadda ba ta ajiye lambarki ba. Ke nan aikin gaba ɗaya shi ne yadda lambarki za ta shiga wayar mutane, kuma wannan da ƙafarki da bakinki za ki yi shi.

Na buga ƙananan sitika masu ɗauke da sunan kasuwancina da lamba, kowace leda sai na manna. A gidan biki ko suna, idan aka yaba mayafin da na yafa, ba na tsayawa a "na gode", sai na karɓi wayar na saka lambata da kaina. Wanda ya fi duka kawo ciniki shi ne musayar sitatus. Ni da wata mai turaren wuta da wata tela a Kabuga muna ɗora kayan juna duk Juma'a, ba wadda take biyan wata ko sisi, kuma mutanenmu iri ɗaya ne: mai sayen atamfa tana neman ɗinki, amarya tana neman duka ukun. Na taɓa biyan wani shafi mai tarin mabiya ya ɗora min talla, na sha "masha Allah" har na ƙoshi, masu saye kuwa ba su taka kara sun karya ba.

Sitatus awa 24 yake yi ya goge. Bayan isha'i aka fi kallon nawa, kuma hoto biyar masu kyau da aka ɗauka da hasken safe sun fi talatin da za a yi ta tsallakewa. Kayan Sallah tun kafin azumi nake fara nunawa, kafin teloli su rufe karɓar ɗinki. Kada ki jefa mutane cikin guruf ba izininsu, ƙorafinsu yana iya jawo a rufe miki layi.

Ba a biyan kuɗi ta cikin WhatsApp a Najeriya, sai dai tiransifa. Hoton rasit ba ya sa na saki kaya, sai na buɗe asusuna na ga kuɗin sun zauna, sannan na kira mai kai saƙo.